Ranar da Na Ce na Rago Ne

Kun tashi da labari guda a kaina, har kun fara ba 'ya'yanku shi: wai ni na sa wa kwiyakwiyan kakanku guba da gangan don a ba ni ladanci. Na san kuna faɗa, don katangar gidanmu ba ta da kauri, kunnena kuma bai fara nauyi ba sai bara. Shekara da shekaru ban musa ba. Yanzu da gwiwa ta ƙi kai ni masallaci, wani ke kiran salla ina ji daga kan tabarma, na samu zaman da zan faɗa muku yadda abin ya kasance. Kada ku ɗauka wanke kaina zan yi. In kun kai ƙarshe wataƙila ku ce gara labarin da kuka sani, don wanda ya kashe da gangan ko ba komai ya san abin da yake yi. Ke Sahiya, da ke nake fiye da kowa, ko da yake na san in ana karanta miki wani wuri za ki riƙa kallo.

Gidanmu gidan farauta ne tun kakanni, a ƙauyenmu na gefen Babankatami. Azna ne mutanenmu na da, masu addinin gargajiya, kuma babana Arzika bai kama salla ba sai da furfura ta fito masa. Ya kama ta da gaske, ban taɓa ganin ya bar ta ba, amma abu guda ya ƙi saki, karnukansa. Jajaye ne, dogaye, masu siririn ciki da wutsiya a naɗe, tun daga nesa za ka ce waɗannan na gidan Arzika ne. Ba a sayar da su, ba a kuma barin su su haɗu da karen bola. Kowace uwa a cikinsu Barsu ake kiranta, in ta tsufa sai a zaɓi ɗaya cikin 'ya'yanta mata ta gaji sunan. Baba yakan jero su yadda wasu ke jero sarakuna, Barsu ta zamanin Bawa, Barsu ta zamanin Ɗan-Baro, har ya iso kan tasa. Lokacin da na yi wayo farautar ta riga ta mutu, barewa ta ƙare a tsaunukanmu, sai zomo da zabo. Abin da ya rage wa karnukan shi ne tsare awaki daga dila, da kwanciya a ƙafafun tsoho.

Ni kuwa tun ina yaro na tsani abin. A wurin karatun allo ɗan gidan karnai ake ce mini, in na zauna sai na kusa da ni ya janye rigarsa. Wannan janye rigar bai fita raina ba har na girma. Na tafi Abijan bida, wato neman kuɗi, na yi shekaru, na dawo da gemu da tasbaha da niyyar zama mutumin da ba wanda zai ƙara janye masa riga. Na riƙa rage karnukan a hankali, wannan in ba makiyayi mai wucewa, wancan in ce ya ɓata. Tun da na dawo ban sake taɓa kare da hannuna ba, ko sau ɗaya. Ku riƙe wannan maganar, za ku ga inda ta kai mu.

A shekarar da nake ba ku labari Baba ya makance, ƙafafunsa kuma ba sa kai shi ko bakin gari. Barsu ɗaya ta rage, ta tsufa har bakinta ya yi fari. Da rani Baba ya matsa mini lamba sai da aka kai ta rugar makiyayin da na ba namijinmu na ƙarshe, kuma cikin bazara, saura 'yan makonni a yi Layya, ta haifi biyar a ƙarƙashin rumbu, maza uku mata biyu. Baba ya shafa cikinta ya ce daga wannan ba za ta ƙara ba. Sahiya a lokacin ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Da ta dawo daga lakkol, makarantar boko, ko ruwa ba ta sha sai ta leƙa ƙarƙashin rumbu, sannan ta zo ta zauna gaban kakanta ta ba shi labari. Uwargida yake kiranta, ita kuma ta ce ba ta auren makaho.

"Uwargida, hwaɗa mini, wace ta hi ƙwazon nono?"

"Mai hwarin ƙirji, Kaka. Ture sauran taka yi."

"To ita ta Barsu. Riƙe ta da kyau, gadonki ta, tunda ubanki ba shi so."

A daidai wannan lokacin ladanin masallacinmu ya rasu. Masallacin sabo ne na siminti, 'yan bida suka gina, har da lasifika. Ina da murya, wannan ko maƙiyina bai musa ba, kuma ina son ladancin nan yadda ban taɓa son wani abu ba. Wata rana bayan la'asar liman Malam Hamidu ya ja ni gefe.

"Nomau, murya kam Allah ya ba ka, dattawa sun yi maganakka. Sai dai gidanku akwai abin da kas sani. Yanzu ma an ce ƙaruwa anka yi."

Bai ce in kashe su ba, kada wani ya ɗora masa abin da bai faɗa ba. Na dawo gida, kukan kwiyakwiyai na tashi daga ƙarƙashin rumbu, na ji kamar duk garin na jin sa.

A mako na uku suka fara lalacewa. Cikkunansu suka kumbura suka yi tauri, haƙarƙari ya fito, gashin da ke sheƙi ya dushe ya miƙe. Suna kama nono su saki su yi ta kuka, zawo kuma ya ɓata ƙasan rumbun duka. Ran nan da hantsi ƙaramin cikinsu ya yi amai, Sahiya ta ƙwala ihu. Na leƙa daga tsaye na ga abin, fari, dogo kamar taliya, yana naɗewa cikin ƙasa. Baba ya sa aka ɗora masa su a cinya ɗaya bayan ɗaya. Ya latsa ciki da yatsa, ya sa Sahiya ta ɗaga leɓe ta faɗa masa launin dasashi. Ta ce fari ne fat.

"Tsutsa ta," in ji shi. "Kowace haihuwa da ita suka zakuwa, tun daga cikin uwa. In ba a hidda ta ba, sai gina rame. Nomau, gobe da sahe ka tahi wurin marken nan na gindin dutsi. Ka zuba mishi hura, ka kira Bawa, ka kira Ɗan-Baro, sannan ka sassaƙo ɓawo ta gabas kamar tahin hannunka. A jiƙa, a ɗiga musu da gashin kaza, sahe uku. A maishe su sabon wuri, a zuba toka nan."

"Baba, ba ni zuba ma itace hura. Na bar wanga."

Ya shafa kan mai farin ƙirji.

"To kak ka zuba. Kak ka kira kowa. Sassaƙo kawai, ka yi bisimilla in ka so. Itace na, Allah yay yi shi."

Kun ji. Tsohon ya sauko mini har ƙasa, ya bar furar, ya bar sunayen kakanninsa, ɓawo kawai yake roƙo. Amma marken nan kowa a garin ya san ko na su wane ne, an san abin da aka yi shekaru ana yi a gindinsa, kuma hanyarsa ta bayan masallaci take bi. Wanda ya gan ni can da gatari ba zai tambaye ni ko na zuba fura ko ban zuba ba. Na ce masa an bar wannan zamanin, Buza zan je in karɓo maganin likita. Sahiya ta ce ita za ta je wurin itacen, ai ta san shi. Na daka mata tsawa, na rantse in ƙafarta ta taka gindin marken nan sai ta bar lakkol. Uwarku Hajo tana surfe, ta dakata ta dube ni, ta ce, "To in Buza ta, mota na tashi gobe." Na ce sai ran kasuwa. Ban so a ga na tashi takanas don kare, ran kasuwa kuwa kowa na tafiya. Kwana huɗu na sa su jira, a na uku ƙaramin ya mutu. Sahiya ta gina masa rami bayan rumbu da hauyar uwarta.

Ran kasuwa na isa gidan likitan dabbobi na tarar da shi cike, kowa ya zo da maganar ragon Layya. Na shiga layi ina maimaita abin da zan faɗa: kwiyakwiyai huɗu, mako uku, tsutsar ciki. Saura mutum biyu a gabana na ji an dafa kafaɗata. Malam Hamidu ne, da igiyar rago a hannu.

"A'a, Nomau! Kai ma rago kay aje bana? Ban sani ba."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Layi ya matsa, na iske kaina gaban tebur, liman na bayana har ina jin numfashinsa. Likitan saurayi ne da farar riga, ya gaji amma bai yi mini tsawa ba.

"Baba, mi ag gare ka?"

"Maganin tsutsar ciki."

"Na wace bisa?"

Kalmar tana bakina, na rantse muku tana bakina. Gajeriya ce, yaro ɗan shekara biyu na faɗin ta. Na tuna rigar da ake janyewa.

"Na rago na," na ce.

"Babba ko ƙarami? Kilo nawa za shi yi?"

"Madaidaici."

Ya miƙo mini ƙwaya guda cikin takarda mai ƙyalli, girmanta ya kai kan babban yatsa.

"Guda ɗai, ka ba shi duka. Na tumaki na da awaki, kak ka ba wata bisa, kuma kak ka bari yara su taɓa."

Ya faɗa mini, na kuma ji. Ba shi da laifi ko na ƙwayar gero. Ina iya jira liman ya tafi in koma in ce na yi kuskure. Na tsaya a inuwar katanga ina tunanin haka, sai na ga wasu mutanen garinmu biyu sun shiga layin, na juya na nufi tasha. A bayan kabu-kabu na yi wa kaina fatawa. Na ce tsutsa ai tsutsa ce, ta rago da ta kare duk ɗaya. Na ce tunda guda ta rago ɗaya ce, in na raba ta huɗu kowane ya samu ɗan kaɗan. Ni da na yi shekara goma sha ban ɗaga kare ba, ina zan san nauyin kwikwiyo ɗan mako uku da tsutsa ta cinye? Da na taɓa ɗaukar ɗaya a tafin hannuna sau ɗaya, da na ji ko ɗan tsako mai girma ya kusa da shi, da na san goma irinsa ba su kai cinyar rago ba.

Na iso gida rana tsaka. Sahiya ta taro ni tun daga ƙofa, ta karɓi jakata tana tsalle. Baba ya ce a ba shi ya ji. Ya juya ƙwayar cikin yatsunsa, ya kai ta hanci.

"Wagga da girma take. Ta karnai ta?"

"Ta karnai ta. Likita yab ba ni, yac ce a raba huɗu."

Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko sauƙin fita. Na fasa ƙwayar da wuƙa a kan turmi, na daka kowane kashi, Hajo ta kawo nonon akuya a ƙoƙo. Azahar ta kusa, na riga na yi alwala, rigata ta kasuwa ce fara. Don haka ban tsuguna ba. Na miƙa wa Sahiya cokali na ce ta ba su. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ɗauko su ɗaya ɗaya, tana buɗe musu baki da ɗan yatsa tana lallashi.

"Sha, ɗan ƙanena, sha ka warke. Baba yat tahi har Buza don kai."

Mai farin ƙirji ta ƙi sha, ta yi ta kau da kai tana furzarwa. Sahiya ta ɗago ta dube ni. Na ce ta matse mata baki ta ɗura, kada ta bar ko ɗigo. Ta yi yadda na ce.

Na tafi salla. Kafin in dawo an fara. Tun daga zaure na ji muryar Hajo tana salati. Dukkansu huɗu suna kwance a gefe, yawu na dalala daga bakinsu kamar an buɗe tulu, jikinsu na ɓari. Ɗaya ya miƙe ƙafafu sun sandare, ya sake su, ya sake miƙewa. Tsutsotsin sun fito kam, ta gaba da ta baya, suna motsi cikin ƙasa, su da rai, masu su na mutuwa. Barsu tana zagaya su tana lasa, ta ɗauki wannan a baki ta aje, ta koma kan wancan, tana wani kuka siriri da ban taɓa jin kare ya yi ba. Hajo ta ɗura musu nono, ta ɗura man gyaɗa, duk ya dawo ta hanci. Sahiya ba ta yi kuka ba a lokacin. Tana durƙushe tana goge musu baki da gefen zanenta, tana cewa, "Baba, haka shika yi? Likita yac ce haka shika yi tukuna?" Na ce mata e, maganin ne ke aiki.

Kafin la'asar uku sun tafi. Mai farin ƙirji, da yake ta furzar da rabi, ta ja har rana ta yi ja. Baba ya ce a ɗora masa ita. Ya rufe ta da hannuwansa biyu yana jin numfashinta, mu muna tsaye. Can ya buɗe hannun ya ce, "Ɗauki, uwargida."

Hajo ce ta tsinci takardar ƙwayar a gindin turmi lokacin da take share wurin. Ba ta karatu, ta miƙa wa Sahiya don ta jefar. Yarinyar ta miƙe takardar a kan gwiwa ta daɗe tana dubawa. Ba sai an iya karatu ba ma, hoton yana nan da ƙahoninsa.

"Baba, wanga hoton rago na."

Baba ya juyo da fuskarsa wajen da nake tsaye, daidai, kamar yana gani.

"Nomau, mi kac ce ma likita?"

Aka kira magariba. Na ɗauki buta na fita.

Washegari labari ya zaga gari. Malam Hamidu ya ga na karɓi maganin rago, ya san ba ni da rago, ya kuma ji karnukan gidan Arzika sun mutu rana ɗaya. Ya haɗa wannan da wancan ya fitar da abin da ya fitar. Bayan asuba ya kama hannuna gaban dattawa ya ce Nomau ya tsarkake gidansa da dabara, ba tare da ya yi wa tsohonsa tsawa ba. Suka riƙa miƙo mini hannu. Nan ne wuri na biyu da kalma ɗaya za ta isa, in ce a'a, ceton su na je yi na kasa. Sai na sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar yabo. Ban cika mako ba na kama lasifika. Ba zan ɓoye muku ba, ranar da na fara jin muryata ta bugi dutse ta dawo, na ji daɗi. Wannan daɗin shi nake jin ƙyamarsa yau fiye da komai.

Barsu ta yi kwanaki nononta a kumbure tana tonon bayan rumbu, Sahiya na mayar da ƙasa tana ɗora duwatsu. Daga baya ta daina tono, ta daina ci, ba ta ga ruwan farko ba. Damina ta sauka, dila ta gane gidan ba kare, ta ɗauke mana 'yan awaki har Hajo ta gaji da faɗa. Baba ya daina zama a tsakar gida. Gaisuwa kawai ke tsakaninmu, in na ce ina kwana ya ce lahiya. Bayan an yanke gero ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Wata rana da hantsi ina gyara masa matashi, ba kowa a ɗakin, ya kama wuyan hannuna.

"Suna cewa da gangan kay yi."

Ya ƙara riƙe hannuna.

"Ni na san ba da gangan na ba. Ba ka da zuciyar yi da gangan. Kunyata kaj ji, Nomau. Kunyarmu kaj ji, ni da Bawa da Ɗan-Baro."

Ya saki hannuna ya juya wajen bango. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Shi kaɗai ya san gaskiyar, ya kuma tafi da ita bayan kwana tara. Ni na kira sallar da aka yi kafin a ɗauke shi.

Sahiya kuwa, tun ranar takardar ba ta ƙara ce mini Baba ba. Da safe ta durƙusa ta ce, "Malam, ina kwana." Na ɗauka fushin yara ne zai wuce. Hajo ta yi mata faɗa, ta dake ta sau ɗaya, ba ta canza ba. Ta girma, ta yi aure a Tamaske, ta haifi 'ya'ya, ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ba ta taɓa zuwa hannu wofi ba. Amma har yau Malam nake. Mutane na ji suna cewa yarinyar nan akwai ladabi, tana girmama ubanta da sunan malanta. Ni kaɗai na san abin da take kira.

Bara da aka kai ni Madawa don gwiwar nan, ɗan'uwanki Illa ya faɗa mini a hanya cewa kina da karya a garkar albasar mijinki, har ta haihu. Da muka fito asibiti na ce ya kai ni wurin masu maganin dabbobi. Akwai mutane a wurin, har da wanda ya san ni. Mace ce a bayan tebur. Ta ce na wace bisa. Na ɗaga muryar nan tawa ta ladanci na ce na kwiyakwiyai ne, 'ya'yan kare. Ba wanda ya ko waiwaya. Ta ɗauko 'yar kwalba ta ruwan magani, ta ce a auna nauyin kowane a ba shi gwargwadonsa, a fara tun suna mako biyu, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako biyu har su yi ƙwari, a ba uwar nata ita ma. Ta ce a riƙa kwashe kashinsu a binne, yara su wanke hannu in sun taɓa su, don tsutsar na shiga mutum. Rabin abin da ta faɗa na taɓa jin sa a bakin makaho, a tsakar gidanmu. Na tambaye ta ko irin wannan maganin sabo ne. Ta ce ya daɗe, wanda ya tambaya ake ba.

Na ba Illa kwalbar ya kai miki. Bayan kwana shida ya dawo da ita cikin aljihu, ba a ko karya murfin ba. Ya yi ta kame-kame sai da na matsa masa.

"Tac ce a gaishe ka, an gode. Tac ce ta riga ta ba su, ita tak karɓo da kanta, ita tak karanta takardar." Ya sosa ƙeya. "Tac ce tun tana yarinya ba ta ba bisa abin da wani yam miƙo mata. Wai hannunta ya taɓa kashe huɗu."

Na tambaye shi sunan karyar. Ya ce Barsu.

Kwalbar tana nan bisa taga kusa da tasbahata, ban jefar ba. Shekarun nan duka ina zaton ni kike tuhuma, na kuma ce na cancanta, na haƙura da Malam. Ban san da kanki kike haɗawa ba. Don haka na zauna na rubuta wannan. Ba na roƙon ki canza sunan da kike kirana, na saye shi da kaina a Buza. Abu ɗaya nake so ki ji, ku ma sauran ku ji ku shaida. An gaya mini kada in ba wata dabba, an gaya mini kada yara su taɓa, na ji da kunnena. Ni na hana ki zuwa wurin marke, ni na fasa ƙwayar, ni na ce ki matse bakin mai farin ƙirji. Na miƙa miki cokalin ne don kada yawun kare ya taɓa mini riga. Ke ba ki kashe kowa ba, Sahiya. Babanki kika yarda da shi.